Amsa ga Malam Katikis kan ɗage idin Shahidan Uganda zuwa Lahadi

Salamar Ubangiji, Malam Katikis. Ka ce majami'arku tana ɗauke da sunan Waliyyi Charles Lwanga da abokansa, ranarsu 3 ga Yuni takan faɗo a tsakiyar mako lokacin da jama'a ke gona, kana so ka sani ko za a iya mai da bikin ranar Lahadi, da kuma abin da ya kamata a shirya. Ana iyawa, amma ba kowace Lahadi ba, kuma farkon Yuni na cikin lokutan da suka fi wuyar samun gurbi a shekara.

Ranakun tsarkaka ba darajarsu ɗaya ba. Akwai babban idi, akwai idi, akwai ranar tunawa, wadda ita ma ta kasu biyu, ta dole da ta ganin dama. A kalandar Ikilisiyar Katolika ta duniya, 3 ga Yuni ranar tunawa ce ta dole. Amma a majami'ar da aka keɓe ko aka sa wa albarka da sunan waliyyi, ranarsa tana hawa ta zama babban idi a wannan majami'ar kaɗai. Don haka ka fara tambayar Fada wane suna ke rubuce a takardar keɓewa. Sau da yawa sunan da ke jikin allo a bakin hanya na makaranta ne ko na wata ƙungiya, kuma sunan ƙungiya ba ya ɗaga darajar ranar.

Ƙa'idar kalanda ta yarda, saboda amfanin jama'a, a yi bikin da ya faɗo cikin mako a ranar Lahadi, da sharaɗi biyu: Lahadin ta kasance ta lokacin yau da kullum, wato sa'ad da Fada ke sa koren kaya, kuma bikin ya fi Lahadin daraja. Babban idin majami'a ya cika sharaɗi na biyu. Na farkon ne ke ba da wahala, domin Lahadodin lokacin Ista, Fentikos, Triniti Mai Tsarki da idin Jiki da Jinin Almasihu duk suna iya faɗowa a nan, kuma babu wadda ake turewa a cikinsu. Dubi 2026: 3 ga Yuni Laraba ce, Lahadin da ke gabanta, 31 ga Mayu, Triniti ce, ta bayanta, 7 ga Yuni, Jiki da Jinin Almasihu ne a ƙasashen da ke yin sa ranar Lahadi, kamar Najeriya. Gurbi na farko shi ne 14 ga Yuni. A 2027 abin da sauƙi, ranar Alhamis ce, kuma Lahadi 6 ga Yuni a buɗe take. A 2028 kuwa Asabar ce, jajiberin Fentikos, saboda haka sai dai Mas ɗin safe, na yamma ya riga ya zama na Fentikos. Kowace shekara a buɗe Ordo, wato littafin kalandar ibada na dayosis, tun watan Afrilu, kafin a buga katin gayyata ko a ɗinka anko. Kuskuren da aka fi yi ke nan: kwamiti ya sa rana, an gayyaci baƙi, an sayi shinkafa, sannan a je a sanar da Fada.

Ko an ɗage taron, a ganina kada a bar 3 ga Yuni ta wuce shiru. Mas ko addu'ar asuba kafin a fita gona ta isa. Ikilisiya takan tuna waliyyi ne a ranar mutuwarsa, domin ita ce ranar shigarsa rai madawwami, kuma wannan ce ainihin ranar da aka ƙone su.

Mas na babban idi yana da Ɗaukaka ga Allah, da Na Ba da Gaskiya, da karatu biyu kafin Bishara, kayan Fada kuma ja ne saboda shahidai ne. A nan akwai tarko biyu. Littafin karatu ya ba wannan rana karatu ɗaya ne kafin Bishara, tun da a wurinsa ranar tunawa ce: 2 Makabi 7:1-2, 9-14, labarin 'yan'uwa bakwai da mahaifiyarsu, sai Zabura 124, sai Matiyu 5:1-12. Karatu na biyu sai an ɗauko daga sashen shahidai, kuma Romawa 8:31-39 ya dace ƙwarai. Tarko na biyu, Littafi Mai Tsarki da ke hannun yawancin mutane mai littattafai 66 ne, babu Makabi a ciki. Mai karatu zai hau bagade ya yi ta juya shafi bai samu ba. A ba shi rubutaccen karatun mako guda kafin ranar, ya maimaita da ƙarfi har sunayen su zauna masa a baki. Idan ranar ta faɗo cikin lokacin Ista, kamar yadda ta yi a 2025, a tambayi Fada, domin a lokacin ba a saba ɗaukar karatun farko daga Tsohon Alkawari ba.

Nobena addu'ar kwana tara ce da ke ƙarewa a jajiberi. Don 3 ga Yuni, a fara 25 ga Mayu a gama 2 ga Yuni. Idan an ɗage zuwa Lahadi, a fara ranar Juma'a a gama Asabar ɗin mako mai biyowa. Wanda ya fara ranar Asabar zai tarar kwana na tara ya hau kan idin.

Kwanakin nan tara su ne damarka ta koyar da tarihinsu, kuma a koyar da shi daidai. Su 22 ne Katolika, an kashe su a masarautar Buganda da ke Uganda, zamanin Kabaka (wato sarki) Mwanga na biyu, tsakanin Nuwamba 1885 da Janairu 1887, ba rana ɗaya ba. Na farko Joseph Mukasa Balikuddembe ne, babban mai kula da cikin fada, wanda ya tsawata wa sarki kan kashe bishop ɗin Angilika James Hannington, aka fille masa kai 15 ga Nuwamba 1885. Charles Lwanga ne ya ɗauki nauyin samarin fada bayansa. Dalilan fushin sarki biyu ne: yana tsoron masu sabon addini za su buɗe wa Turawa ƙofa su ƙwace masa sarauta, kuma samarin sun ƙi ba shi kansu don lalata. A faɗi duka biyun, a gaban yara kuma ya isa a ce sarki ya umarce su da aikata zunubi suka ƙi.

Ranar 25 ga Mayu 1886, wadda ta yi daidai da farkon nobena, sarki ya soki Denis Ssebuggwawo da mashi a Munyonyo saboda yana koya wa wani yaro addini. A daren Lwanga ya yi wa masu koyo baftisma a ɓoye, cikinsu har da Kizito, ƙaraminsu, ɗan shekara 14 ko kusa da haka. Wannan wurin ya shafe ka kai tsaye, Malam: Lwanga ba Fada ba ne, kuma shi kansa watansa shida ke nan da baftisma. Aka ɗaure su aka kora su a ƙafa zuwa Namugongo, aka kashe wasu a hanya, sauran suka yi kusan mako a tsare ana tara itace. Ranar 3 ga Yuni aka ware Lwanga aka ƙone shi shi kaɗai, a hankali, daga ƙafa. Sauran aka nannaɗe kowa a cikin asabari aka jera su a kan wuta. Katolika 13 ne suka mutu a ranar. Mbaga Tuzinde ɗan gidan shugaban hauni ne, an yi ta roƙonsa ya janye ya ƙi. Mukasa Kiriwawanvu ko baftisma bai samu ba, mai koyo ne, kuma yana cikin tsarkakan. Ka gaya wa 'yan ajinka wannan.

Kada a manta da 'yan Angilika 23 da aka kashe a wannan tsanani, wasunsu a wuta guda da Katolika. Paparoma Paul na shida ya ambace su da girmamawa sa'ad da ya sanya 22 ɗin cikin tsarkaka ranar 18 ga Oktoba 1964, bayan Paparoma Benedict na 15 ya ayyana su masu albarka a 1920. Tun kafin nan ma mahaifin Mwanga, Mutesa na ɗaya, ya kashe samarin fada Musulmi saboda riƙon addininsu. Don haka bai dace mai wa'azi ya mai da wannan rana abin jifan maƙwabta ba, gara ma a aika musu da gayyata da abinci.

Abin da ya rage na hidima ne. Yuni damina ce, idan za a yi zagaye da hoton tsarkakan a yi shi da safe kafin Mas, a taƙaice, kuma a tanadi leda ko gilashi ga hoton, don hadari ba ya sallama. Saboda ruwan nan ne ma a Najeriya aka mai da zagayen Jiki da Jinin Almasihu zuwa idin Almasihu Sarki a Nuwamba. Karatu da waƙa da hidimar bagade a bar wa matasa, tun da Lwanga majiɓincin matasan Afirka ne. Zumuntar mata su san adadin baƙi kwana uku kafin ranar, ba da safiyar ba. Idan ana son yin baftisma a Mas ɗin, a kai wa Fada sunayen tun farkon nobena. Wanda kuma za a raɗa wa Kizito, Lwanga ko Denis, a rubuta sunan daidai a takarda a miƙa wa mai cika rajista, domin abin da ya shiga littafin baftisma shi za a nema ranar tabbatarwa da ranar aure.