Zawiyar Fas da tambayar jikana

Kai ja'iri, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini, don idon ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe. Wai mene ne bambancin zawiya da masallaci, kuma me zai sa mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya je Fas ta ƙasar Maroko ganin gini, alhali kai ka gama zagaye zawiyar Shehu Tijjani a wayarka kana kwance. Har da kawo mini karin magana, wai gani ya kori ji. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Mahaifina kan ce gani ba ci ba ne, da kare bai kwana da yunwa ba.

A 1978 na je, ina ɗan jakar malaminmu, Allah ya jiƙansa. Kafin mu tashi na riga na gina zawiyar a raina: fili fetal, ƙubba ta tokare sama. Da muka shiga tsohon birnin sai ga lunguna, wani ma mutum biyu ba sa jerawa. Mota ba ta shiga, alfadarai ke dakon kaya, mai kora yana ihun "balak, balak", ni kuwa ban san kauce yake nufi ba sai da buhu ya manna ni da bango. Malam ko waiwaye bai yi ba. Muka wuce ta gefen masallacin Ƙarawiyyin, wanda wata baiwar Allah Faɗimatu al-Fihriyya ta assasa a 859, muka kutsa unguwar Blida. Hasumiyar na fara hangowa, mai kusurwa huɗu irin ta Magariba, an lulluɓe ta da tayil mai launi tsakanin kore da shuɗi. Sai Malam ya tsaya ya cire takalmi. Ashe mun iso. Ƙofa ce kawai a bakin lungu, maƙwabta sun matse ta hagu da dama.

Amma wace irin ƙofa! Daga ƙasa zallij ne, wato gutsattsarin tangaran da ake yankawa da hannu ɗaya bayan ɗaya a jera su su ba da taurari. Samansa farar ƙasa ce da aka sassaƙa kamar aikin allura a wuyan riga, can bisa kuma katakon al'ul. Na tsaya baki buɗe, Malam ya ce in rufe, ba wurin magina muka zo ba.

Ranar Juma'a ce, lokacin sanyi. Ruwan alwalar ya sa yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Bayan la'asar aka zauna zikiri, ni da 'yar rigata shara-shara ina karkarwa a ƙarshen sahu. Wani dattijo ɗan Senegal da ke gefena, bai ce mini uffan ba, ya buɗe alkyabbarsa ya yafa mini rabi. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Haka muka yi ta hailala cikin riga ɗaya har rana ta faɗi, kabarin Shehu na nan kusa da mu, muryoyi na tashi suna sauka kamar numfashin mutum guda. Da aka sallame magariba ya jawo ni wurin akushi, muka ci, ya tafi. Ko sunansa ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.

A daren Malam ya ba ni tarihin, muna kishingiɗe. An haifi Shehu a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya yi ƙaura zuwa Fas a 1798, Sarki Maulaya Sulaiman ya karɓe shi ya ba shi gida. Wajen 1800 aka fara ginin zawiyar, a ciki kuma aka binne shi a 1815. Yawancin adon da ya ɗauke mini hankali na bayansa ne suka yi ta ƙarawa, ana faɗaɗawa. Ya ce ita kalmar zawiya a Larabci kusurwa ce, ɗan lungun da mutum ke raɓewa shi da Ubangijinsa. Masallaci, in ji shi, ana sallamewa kowa ya nemi takalminsa; a zawiya kuwa bayan sallama ake shimfiɗa farin ƙyalle a yi wazifa, a yi karatu, baƙo ya sami tuwo da wurin kwana. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba, don a lokacinmu yaro ba ya titsiye malami.

Ku yanzu kun fi mu tambaya, ban ce laifi ba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda ke dawowa daga ziyara da hoto ɗari, sun juya wa kabarin baya suna murmushi, in ka ce wa ya zauna kusa da kai a zikiri sai su yi zuru. Mu ma da namu laifin, mun ga abu mun kasa ba ku labarinsa tun kuna ƙanana.

In ka zo hutu ka taho da wayar taka ka nuna mini, ina so in ga ko ƙofar tana nan yadda na bar ta. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar ya ƙare.