Shin Garkuwar Makamai Masu Linzami Tana Tare Duk Abin Da Aka Harbo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ƙanena yana aiki a wata ƙasa da ke cikin yankin da ake musayar makamai masu linzami. Duk lokacin da na roƙe shi ya riƙa shiga maɓoya idan an kaɗa jiniya, sai ya ce ƙasar tana da garkuwar da babu abin da ke ratsa ta, har ma yakan hau saman bene yana ɗaukar bidiyo. A ɗaya ɓangaren kuma ina jin ana cewa Rasha da Sin da Iran sun ƙera makaman da suka ninka sauti gudu, waɗanda babu na'urar da za ta iya kakkaɓo su. Na rasa wanda zan gaskata, kuma hankalin mahaifiyarmu ya tashi ƙwarai. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya tsare ƙanenka, ya kuma kwantar da hankalin mahaifiya. Maganganun nan biyu da ka ji, Malam, duk an yi musu ƙarin gishiri, amma ta ƙanenka ce mai iya halaka mutum, saboda haka a kanta zan fi tsayawa.

Bari in fara sallamar batun gudu, domin ba shi da wuya. Abin da ake nufi da waɗannan makamai shi ne masu gudun da ya kai ninki biyar na gudun sauti ko fiye, kuma wannan gudu ya daɗe a duniya. Makamin V-2 da Jamus ta riƙa harba wa Landan a 1944 ya riga ya ninka sauti sau da yawa, har mutane sukan ji fashewarsa kafin su ji ƙarar zuwansa. Duk makami mai ratsa nahiyoyi, wato mai cin zangon da ya wuce kilomita 5,500, kamar Minuteman III na Amurka ko Yars na Rasha ko DF-41 na Sin, yana dawowa daga sararin samaniya da gudun kusan kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya, wanda ya haura ninki ashirin na sauti. Abin da ya zo sabo a Avangard na Rasha da DF-17 na Sin shi ne kan makamin yana shawagi ƙasa-ƙasa yana sauya hanya, don haka rada, wato na'urar hango makami daga nesa, ba ta hango shi da wuri, kwamfuta kuma tana shan wuya wajen lissafa inda zai faɗa. Wannan ya sa tare su ya yi wahala matuƙa, amma kalmar "ba zai yiwu ba" ta masu talla ce. Makamin Kinzhal na Rasha, wanda aka yi ta zuzutawa, Yukiren ta ce ta kakkaɓo shi da Patriot, na'urar tare makamai ƙirar Amurka, a watan Mayun 2023, Amurka ta tabbatar, Rasha ta musanta. Iran ma ta nuna makaminta Fattah a watan Yunin 2023 tare da irin wannan iƙirari, kuma kowace ƙasa tana da dalilin kambama abin da ta ƙera.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda nake cin karo da shi kusan kullum, har daga bakin mutanen da suka yi karatu mai zurfi. Kalmar garkuwa ita kanta tana yaudarar tunani, domin tana sa mutum ya ɗauka akwai wani rufi da aka kife gari da shi, duk abin da ya zo sai ya buge shi ya koma. Babu irin wannan rufi a ko'ina a duniya. Abin da ake da shi rada ce da ke hango makami, da kwamfutar da ke lissafa hanyarsa, da kuma wasu makamai masu linzami ƙidayayyu da ake harbawa domin su tare shi a sama. Harsashi ake bi da harsashi, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai uku yana iya kuskure, yana iya makara, yana kuma iya ƙarewa.

Na farko, kowace na'ura da irin abin da aka ƙera ta dominsa. Iron Dome na Isra'ila, wanda ya fara aiki a 2011 kuma shi mutane suka fi gani a bidiyo, an yi shi ne domin rokoki da harsasan atilare masu gajeren zango, daga kimanin kilomita 4 zuwa 70. Makamin balistik, wato wanda ake cillawa can sama ya dawo ya faɗo kan abin da aka auna, idan ya taso daga nisan kilomita dubu da ɗoriya, aikin wasu na'urori ne dabam, irin su Arrow da David's Sling na Isra'ila, ko THAAD da Patriot na Amurka, ko S-400 na Rasha. Makamin kuruz kuwa, wanda ke tafiya dab da ƙasa kamar ƙaramin jirgi yana fakewa da duwatsu, yana iya zagayowa ta bayan inda rada ke kallo. A ranar 14 ga Satumban 2019 jirage marasa matuƙa da makaman kuruz sun daki cibiyar mai ta Abƙaiƙ da rijiyoyin Khurais a Saudiyya, ƙasar da ta kashe maƙudan kuɗi wajen sayen Patriot, har man da take haƙowa ya ragu da kusan rabi na ɗan lokaci.

Na biyu shi ne lissafin da ake ɓoye wa jama'a a cikin alƙaluma masu daɗin ji. Idan hukuma ta ce ta tare kashi 90 cikin ɗari, wannan nasara ce babba a idon soja, amma a idon mai tsaye a saman bene ma'anarta ita ce cikin makamai 200 guda 20 sun wuce, kuma ko wanne yana ɗauke da bam mai nauyin ɗaruruwan kilo. Da Iran ta harba wa Isra'ila makaman balistik kimanin 180 a ranar 1 ga Oktoban 2024, duk da taimakon jiragen ruwan yaƙin Amurka, da dama sun faɗa a sansanin jiragen sama na Nevatim, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ramukan. Wannan ya faru ne a ƙasar da tsarin kariyarta yake cikin mafi kauri a duniya, kuma ƙaramar ƙasa ce mai sauƙin rufewa. Mai hari ya san cewa makaman tarewa suna da iyaka, shi ya sa yake turo jirage marasa matuƙa masu araha tare da makamai masu tsada a lokaci guda, domin a ɓarnatar da harsasai a kan na banza. Makamin tarewa ɗaya na Patriot yana cin miliyoyin daloli, galibi kuma biyu ake harba wa abu ɗaya domin tabbatarwa, alhali jirgin da ake bi kuɗinsa dubban daloli ne kawai, kuma masana'antu ba sa iya maye gurbin abin da aka harba cikin mako guda. Garkuwar da ta yi aiki sosai a daren farko tana iya zama ta yi rauni a dare na goma, kuma babu hukumar da za ta sanar da hakan a rediyo.

Na uku, na'ura ce, kuma na'ura tana lalacewa. A ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, wani makamin Scud na Iraƙi ya faɗa kan barikin sojojin Amurka a Dhahran ya kashe 28, alhali akwai Patriot a wurin. Bincike ya gano cewa agogon kwamfutar ya zame da kusan sulusin daƙiƙa saboda ta yi kimanin awa 100 tana aiki ba a kashe ta an sake kunnawa ba, kuma wannan ɗan zamewa ya isa ta nemi makamin a inda ba ya nan. A wancan yaƙin ma an fara sanar da cewa Patriot ta tare kusan duk Scud ɗin da aka harbo, daga baya rundunar sojin Amurka da kanta ta rage alƙaluman da yawa. Saboda haka duk adadin da aka bayar ana tsakiyar yaƙi, daga kowane ɓangare, a yi taka-tsantsan da shi har ƙura ta lafa.

Na huɗu kuma, wanda ya shafi ƙanenka kai tsaye, shi ne abin da aka tare a sama ba ya ɓacewa. Gangar jikin makamin balistik ƙarfe ne mai tsawon mitoci, kuma idan an farfasa shi tarkacensa da na wanda ya tare shi duk ƙasa za su dawo, a kan garin da ake karewa. A watan Nuwamban 2022 mutum biyu sun mutu a wani ƙauye na ƙasar Foland, kusa da iyakarta da Yukiren, kuma binciken hukumomin ƙasar ya nuna makamin kariya ne na Yukiren ya kauce hanya. Wannan hasken da ƙanenka yake ɗauka a waya yana murna, shi ne daidai lokacin da ƙarfe mai zafi ya fara zubowa.

Abin da ya sa nake zafafawa a kan wannan batu shi ne kuskuren bai tsaya kan talaka mai waya ba, yana kaiwa har ga masu yanke shawarar yaƙi. Shugaban da ya yarda cewa ƙasarsa a rufe take, hannunsa zai fi saurin kai wa maƙwabci duka. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun fahimci haka, shi ya sa suka ƙulla yarjejeniyar 1972 da ta taƙaita na'urorin tare makamai, domin kowa ya san cewa in ya harba shi ma za a same shi. Amurka ta fice daga yarjejeniyar a 2002, kuma da Putin ya tashi gabatar da makaman Sarmat da Avangard da Kinzhal a jawabinsa na watan Maris 2018, cewa ya yi martani ne ga wannan ficewa. Ka ga ke nan maganganu biyun da ka ji uwa da 'ya ne, neman garkuwa ne ya haifi makaman da aka ƙera domin ratsa garkuwa. Tsarin da Amurka ta kafa a Alaska da Kalifoniya domin tare makamai masu ratsa nahiyoyi yana da makaman tarewa 44, alhali yarjejeniyar 2010 ta bai wa ita da Rasha damar girke kawunan nukiliya 1,550 kowacce. Makami ɗaya kuma yana iya ɗaukar kawuna da yawa tare da na bogi, kuma a sararin da babu iska, balan-balan mara nauyi da bam na gaske tafiya ɗaya suke yi, rada ba ta saurin bambanta su. Kan nukiliya ɗaya da ke kan makamin Trident II na Amurka yana iya ninka bam ɗin Hiroshima sau talatin, don haka a wannan fage kashi 90 cikin ɗari ma ba ya ceton birni.

Ina roƙon masu sharhi a Facebook da sauran kafafe su ji tsoron Allah a kan wannan. Mutum bai taɓa karanta yadda rada ke aiki ba, amma yana raba wa jama'a hukunci cewa wannan ƙasa ba a taɓa ta, waccan kuma za ta shafe duniya cikin minti biyar, yana haɗawa da bidiyon da aka yanko daga wasan kwamfuta ko daga wani tsohon yaƙi. Ana magana a kan waɗannan makamai kamar ana goyon bayan ƙungiyar ƙwallo, alhali mutanen da ke riƙe da su a firgice suke aiki, cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma sun sha yin kuskure. Jirgin ruwan yaƙin Amurka ya harbo jirgin fasinjan Iran a 1988, mutum 290 suka mutu. Dakarun Iran sun harbo jirgin fasinjan Yukiren jim kaɗan bayan tashinsa daga Tehran a watan Janairun 2020, mutum 176 suka mutu. Dukansu na'urorin kariya ne suka yi wannan ɓarna. A watan Maris 2022 Indiya ta harba makamin BrahMos cikin Fakistan bisa kuskure, ƙasashe biyu masu nukiliya. A ranar 26 ga Satumban 1983 kuma na'urar gargaɗin Sobiyet ta nuna makamai biyar sun taso daga Amurka, jami'in da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya ƙi yarda da ita, daga baya aka gano hasken rana ne da ya bugi gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam.

Ka gaya wa ƙanenka, da murya mai taushi amma ba tare da sassauci ba, cewa hukumomin da suka mallaki garkuwar su ne da kansu suka gina maɓoya suka kuma sa jiniya, kuma da sun yarda rufin ya isa da ba su kashe wannan kuɗi ba. Makamin balistik da ya taso daga nisan kilomita 1,500 yana isowa cikin kimanin minti goma zuwa sha biyu, rokar da aka harbo daga kusa da iyaka kuma cikin daƙiƙoƙi, don haka babu lokacin gama ɗaukar hoto. Ya san maɓoyar da ta fi kusa da masaukinsa da wurin aikinsa tun kafin buƙata ta taso. Idan babu, ya shiga ɗakin da ke tsakiyar gini, nesa da tagogi da gilasai, kuma kada ya fito da zarar ya ji fashewa, ya jira har hukuma ta ba da izini, domin tarkace yakan ci gaba da zubowa na wasu mintoci. Idan ya ga guntun makami a titi kada ya matsa kusa, balle ya taɓa ko ya ɗauka, saboda wasu suna ɗauke da ragowar mai mai guba da ke ƙona huhu, wasu kuma da ƙananan bama-bamai da ba su fashe ba. Ya kira jami'an agaji, ya kuma kori yara daga wurin.