Gwajin jini a aji: me ya kamata malama ta saya?

Tambaya: Ina koyar da Bayoloji a wata sakandaren 'yan mata, kuma mun zo darasin jini. Kuɗin da aka ware mini kaɗan ne. Shin in sayi allurar huda yatsa da ruwan gwajin rukunin jini, kowace ɗaliba ta gwada nata, ko akwai hanya mafi sauƙi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Shawarata ita ce kada ki huda yatsan kowa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kai kwana 7 da ranta a busasshen jini a kan tebur, kuma a aji mai cunkoso ba za ki iya sa ido a kan kowace allura da auduga ba. Ga kuma abin da ba a cika tunawa ba: yarinya za ta kai sakamako gida, ta kwatanta da na iyayenta, kuskuren gwaji ɗaya ya haifar da zargin da ba ki da ikon kashewa. Ruwan gwajin ma sai an ajiye shi a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, ga yadda wutarmu take.

Ki koyar da rukunin jini, abin da Karl Landsteiner ya gano a 1901, da madara. Ki dama madarar gari, ki zuba jar kalar kek har ta yi kama da jini, ki raba ta kofi huɗu da sunan marasa lafiya huɗu. Kowane kofi ki ba shi ƙananan kwalabe biyu, ɗaya ki rubuta anti-A ki sa mata shuɗi, ɗaya anti-B ki sa mata rawaya, kamar yadda na asibiti suke. Inda kike son jini ya dunƙule ki zuba ruwan khal, inda ba kya so ki zuba ruwa zalla. Mai rukunin A, kwalbar anti-A ce kaɗai ke da khal. Mai AB duka biyu. Mai O babu ko ɗaya. Ɗigo biyu a kan farin faranti, a juya da tsinken sakace, sai ki ga madarar ta tsinke ta yi gudaji-gudaji. Ki gaya musu gaskiya cewa tsami ne ya yi wannan aikin, a jinin gaske kuwa sinadaran garkuwar jiki ne ke kama jajayen ƙwayoyi.

Sai ki je wurin mahauci ki sayi ɗanyar hanta da zuciyar rago, ki biya kemis ki sayi haidirojin na wanke ciwo. Ki jefa ɗan yankin hanta a ciki, nan take kumfa za ta taso, iskar oksijin ce da sinadarin katalas ya saki, irin wanda ke cikin jini. Ki dafa wani yankin ki sake gwadawa, ba za ta yi kumfa ba, don zafi ya lalata sinadarin. Zuciyar kuwa, su tsaga su taɓa kaurin bangon hagu da na dama.

Idan makarantarku na da madubin ƙara girma, a nan nake so kuɗin ya tafi: ki sayi gilasan jini da aka riga aka shirya aka rufe, na mutum da na kwaɗo. Na kwaɗo jajayen ƙwayoyinsa suna da cibiya, na mutum babu, kuma gilasan za su yi shekaru suna aiki. Ragowar kuɗin ki sayi safar hannu da bilic.

Ɗalibai za su tambaye ki batun AA da AS da SS, wato gwajin sikila. Wannan gwaji ne daban da rukunin jini, na'urar asibiti ke yin sa, don haka ki tura su can tare da iyayensu.