Tambaya da Amsa: Zan iya sa harsashin .38 a bindigar .357?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni a Texas nake zaune, ina da ribolba (ƙaramar bindigar hannu mai silinda mai juyawa da ramukan harsashi) .357 Magnum da na saya ta hanyar doka. Harsashinta tsada gare shi, ga ƙara, ga bugun hannu. A filin koyon harbi wani ya ce in riƙa sa .38 Special, wai duk ɗaya ne. Anya kuwa? Lambar ma ai ba ɗaya ba ce. Daga mai karatu a Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam. Mutumin nan bai yi maka ƙarya ba, sa abinka. Lambar ce ke rikita mutane, amma kaurin kan harsashin duka biyun inci 0.357 ne. Ita .357 Magnum ɗin ma daga .38 Special aka fitar da ita a 1935, masu ƙera bindiga na kamfanin Smith & Wesson suka ƙara wa kwanson harsashin tsawo kaɗan, daga inci 1.155 zuwa 1.29, don kada wani ya cusa mai ƙarfin a tsohuwar .38 ta fashe masa a hannu. Kuma a ribolba leɓen gindin kwanso ne ke riƙe harsashi a silinda ba tsawonsa ba, shi ya sa gajere ke zama daram a ramin dogo. Haka .44 Special a .44 Magnum.

Sai dai ga inda mutane ke sakaci. In ka harba gajeren da yawa, toka da dattin albarushi da ɓurɓushin dalma suna taruwa su yi zobe a cikin ramin daidai inda bakin kwanson ya tsaya, to ranar da ka dawo kan magnum sai ka ji ya cije bai shige duka ba, ko bayan harbi kwanson ya ƙi fita kana ta dukan sandar fitarwa da tafin hannu, kuma wannan matsin yana iya ƙara wa harsashin ƙarfin da ba a so. Kar ka danna shi da ƙarfi don Allah. Buroshin tagulla da man wanke bindiga, ka goge kowane rami har ka haska ka ga yana sheƙi.

Saiti ma zai ɗan canza, sau da yawa mai sanyin gudu sama yake sauka, sai ka gwada.

Kuma kar ka ɗauka duk gajere ne ke shiga dogo fa. .38 S&W daban yake da .38 Special, ya fi shi kauri. .22 LR a silindar .22 Magnum kuwa kar ma ka soma, ramin ya yi masa faɗi, kwanson tsagewa yake yi.

Masu karatunmu na gida Najeriya, ku dai ku sani ribolba da fistol suna cikin makaman da dokar ƙasa ta hana farar hula riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa, wannan amsar ta ɗan'uwanmu na Texas ce.