Zan iya sayar da ƙarin da na rubuta wa Wireshark in ɓoye kod ɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata haɗa wa makarantu da ofisoshi intanet a cikin garin Katsina. Na rubuta wani ɗan ƙari da ake liƙa wa Wireshark, yana fassara saƙonnin da inbatar sola ke aikawa ta layi. Ina so in sayar da shi, amma ba na son mai saye ya ga asalin kod ɗin. Hakan zai yiwu? Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sayarwa dai babu laifi, ɓoyewar ce matsala. Wireshark, manhajar duba bayanan da ke bi ta layin intanet, wadda Gerald Combs ya fara a 1998 da sunan Ethereal, tana ƙarƙashin lasisin GPL na 2, wanda ke tilasta a buɗe kod ɗin duk wani reshenta da aka raba wa mutane. Ƙarin da aka rubuta da C, wato wani harshen rubuta manhaja, yana shiga cikin manhajar ne, yana kiran ayyukanta kai tsaye, shi ya sa ake ɗaukarsa reshenta. Masu kula da Wireshark haka suke kallon wanda aka rubuta da harshen Lua ma. Da zarar ka miƙa wa wani, ko da kuɗi ko kyauta, yana da haƙƙin karɓar kod ɗin, kuma ba za ka hana shi raba wa wasu ba. Idan kuwa a kwamfutarka kaɗai kake aiki da shi, babu wanda zai tilasta maka buɗewa.

Mafita ita ce ka raba aikin gida biyu. Ka bar tshark, wato Wireshark da ake sarrafawa da rubutaccen umarni, ta kama bayanan, ka ba ta umarnin -T json don ta fitar da su a rubuce cikin tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa, sannan taka manhajar, mai zaman kanta, ta karanta abin da ya fito. Galibi ana ɗaukar irin wannan a matsayin manhajoji biyu daban. Ko kuma ka gina kan libpcap ko Zeek, wasu kayan aikin kama bayanan layi masu lasisin BSD, wanda ya yarda a rufe kod muddin an bar sanarwar masu haƙƙin mallaka.

A Windows ka yi hattara da Npcap, manhajar da ke kama wa Wireshark bayanan layi. Mutane da yawa suna zaton kyauta ce sake tunda tana zuwa tare da Wireshark, alhali ba a yarda ka cusa ta cikin kayan sayarwarka ba sai ka sayi lasisin OEM, wato na masu son saka ta cikin kayansu.

Ni a ganina, ka buɗe kod ɗin ka caji kuɗin girkawa da kulawa. Ƙarin C da aka haɗa wa Wireshark 4.2 ba ya hawa kan 4.4 sai an sake haɗa shi, kuma kwastoma wajenka zai dawo a duk sabon fitowa.