Ƙanwata, kafin ki biya kuɗin ɗaki

Saƙonki ya iso. Kin ce kin samu gurbin karatu a nan Amurka, amma Umma ta kafe, wai ba za ta tura 'yarta inda ake harbe ɗalibai a aji ba. Ki gaishe min da ita, ki ce ban ga laifinta ba. A 2007 wani ɗalibi ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech, kuma ba daga nan aka daina ba. Sai dai ba shi ne abin da ya fi samun ɗalibai ba.

A 1986 aka kashe wata ɗaliba, Jeanne Clery, a ɗakin kwananta a jami'ar Lehigh da ke Pennsylvania. Iyayenta suka ƙi yin shiru, har aka yi doka a 1990, wadda yanzu ake kira da sunanta. Duk makarantar da ɗalibanta ke cin tallafin gwamnatin tarayya dole ta fitar da rahoton laifukan da aka kai ƙara na shekara uku baya, a kowace shekara zuwa 1 ga Oktoba. Ki nemi na makarantarku a shafinta, kyauta ne.

A ƙasa baki ɗaya, ƙararrakin sun sauka daga sama da 41,000 a 2001 zuwa kusan 27,000 a 2019. Fasa ɗakuna ne ya ragu sosai. Amma ƙarar fyaɗe da taɓa mace ba da yardarta ba ta hau, daga wajen 2,000 ta haura 11,000. Kar gabanki ya faɗi tukuna. Wani ɓangare na hawan nan, 'yan mata ne suka daina rufa wa azzalumi asiri, makarantu kuma aka matsa musu su riƙa rubutawa. Shi ya sa ni idan na ga babbar jami'a mai ɗakunan kwana ta rubuta sifili a wannan layin, ba daɗi nake ji ba, zargi nake shiga. Lissafin 2020 kuwa ki tsallake shi, korona ta kori kowa gida.

Abin da babu wanda ya gaya min kafin in zo: rahoton iyakarsa harabar makaranta, da gine-ginenta, da titunan da suka manne da ita. Gidan hayar da mu baƙi muke kamawa a bayan gari saboda arha ba ya ciki. A irinsa aka ɗauke min keke, na fito da sassafe na tarar da sarƙar a yanke, tana lilo a jikin ƙarfen baranda. Wannan satar ba ta shiga lissafin makarantarmu ba. Wata ƙawata kuma ta bar kwamfutarta a ɗakin karatu ta je alwala, ta dawo sai wayar caji a jikin soket.

Shekarar farko ki zauna a hostel ko da ya fi tsada. Ki sa lambarki a tsarin saƙon gargaɗi na makaranta, ki adana lambar 'yan sandan harabar, don yawancin manyan jami'o'i suna da nasu. Da yawa kuma suna da mota ko 'yan rakiya da dare, kar kunya ta hana ki kira.

Idan hostel ya gagara, turo min sunan unguwar kafin ki ba kowa ko sisi. Ranar Asabar in sha Allah zan kira Umma da kaina.

Yayarki