Garantin motar lantarki ta sabon kamfani

Malam, ka tambaya ko garantin shekara 8 da sabon kamfanin motocin lantarki ya ba ka ya isa ka saya hankali kwance. Gaskiya bai isa ba, domin garanti yana aiki ne muddin kamfanin na raye. Kamfanin Fisker na Amurka ya durƙushe a watan Yunin 2024, masu motarsa ta lantarki mai suna Ocean suka wayi gari da takardar garanti a hannu, babu mai cika alkawarin.

Ni tawa motar lantarkin, cajar cikinta ce ta lalace, ta yi wata biyu a ajiye, ƙura ta rufe gilashin, ina jiran kayan gyara. Bakaniken da na saba da shi ya kasa shiga kwamfutar motar, sai da na'urar kamfanin. Don Allah kafin ka biya, je ka ga wurin gyaran sabon kamfanin da idonka, ka tambaya ko suna da kaya a ƙasa. Ka kuma karanta sharaɗin batir da kyau: yawanci sai ƙarfinsa ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100 kafin su canza maka.